Kafin Mu Saya wa Yaro Jakar Makaranta

Jawabin da ma'aikatanmu suka yi wa iyaye a taron shirin komawa makaranta

  Mun san waɗansu sun bar aiki a gona ne suka zo, saboda haka ba za mu daɗe da ku ba.

Makarantu suna buɗewa a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai gama shigowa gida ba. A 'yan makonnin nan ne ake neman kuɗin yunifom, da takalmi, da littattafan rubutu, da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne, kuma tilas ne, amma doka ba ta ɗinka wa yaro riga, ba ta saya masa jaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuwa, kowa ya ga yadda kaya suka yi tsada. Don haka jaka takan zo a ƙarshen lissafi. Sai ranar kasuwa ta ƙarshe, da ɗan canjin da ya rage, a miƙa wa wani mai zuwa gari a ce, "Ka sayo wa yaron nan jaka." Ba a auna yaron ba, ba a tuna da hanyar da yake bi ba. Kafin hutun Kirsimeti hannu ɗaya ya tsinke, zif ya ƙi rufewa, ruwan sama ya jiƙa littattafan da aka sayar da kaza aka saya. Sai a sake sayen jaka, a sake sayen littattafai, aikin da yaron ya rubuta na zango guda kuwa ya tafi ke nan.

Abin da muka zo mu faɗa muku shi ne, abubuwa biyu ya kamata su zaɓi jakar: jikin yaron, da hanyar da yake bi zuwa makaranta.

Bari mu fara da nauyi. Shawarar da likitoci suke bayarwa a ƙasashe da yawa ita ce, jaka da dukan abin da ke cikinta kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron. A Indiya maganar ta dami iyaye har gwamnati ta sa baki. A 2018 ta ba da umarni cewa jakar 'yan aji 1 da 2 kada ta wuce kilo 1 da rabi, ta 'yan aji 3 zuwa 5 kuma kilo 2 zuwa 3. A 2020 ta fitar da ƙa'ida ta kashi 10 cikin 100. Mu ma bari mu riƙe kashi 10, gama lissafinsa ya fi sauƙi: a raba nauyin yaron gida goma, a ɗauki ɗaya.

Yaro mai shekara 6 yakan kai wajen kilo 20, mai shekara 10 kuma wajen kilo 30 ko sama kaɗan, ko da yake yaranmu da yawa ba su kai haka ba. Wato ɗan aji ɗaya kada ya goya fiye da kilo 2. Wani zai ce, ina muka ga sikeli a gida? Akwai dabara. Ruwan leda, wato fiya wata, rabin lita ne, rabin lita na ruwa kuwa rabin kilo ne. Fiya wata huɗu kilo 2 ke nan. Ku zuba huɗu a leda ku riƙe a hannu ɗaya, ku ɗaga jakar yaron a ɗaya hannun. In jakar ta rinjayi ruwan, ta yi masa nauyi. Ga mai shekara 10, fiya wata shida. Ku tuna kuma jakar kanta tana da nauyi. Akwai manyan jakunkuna na manya, masu aljihu barkatai da ƙarafa, da sukan kai kusan kilo 1 ba a sa musu komai ba. In aka goya wa ɗan aji ɗaya irin wannan, ta cinye rabin abin da ya kamata ya ɗauka tun ba a sa littafi ko ɗaya ba.

Mun ga waɗansu iyaye mata suna murmushi, mun kuwa san dalili. Kuna cewa a ranku, yarinyar da take ɗauko jarka mai lita 20 daga rafi kowace safiya, kilo 20 cur a kanta, ita ce jakar kilo 3 za ta dama? Gaskiyarku. Jaka ba ita ce kaya mafi nauyi da ɗan ƙauye yake ɗauka ba, kuma ba mu zo mu tsorata ku ba. A 2018 waɗansu masana suka tattara nazarce-nazarce 69 da aka yi a kan jakar makaranta da ciwon bayan yara, ba su sami tabbatacciyar shaida cewa nauyin jaka ne yake kawo ciwon baya ba. Jaka kuma ba ta sa yaro ya yi doro, ba ta karkatar da ƙashin baya har abada. Amma a cikin nazarin an lura da wani abu: yaran da su da kansu suka ce jakar tana yi musu nauyi ko wuyar ɗauka, a cikinsu aka fi samun masu kukan baya. Wannan ya nuna mana cewa bakin yaro ma sikeli ne. Ku tambaye shi. Ku duba kafaɗunsa sa'ad da ya tuɓe riga, ko akwai jan shaida inda igiya ta zauna. Ku lura ko yana sunkuyawa gaba in yana tafiya, ko yana cewa hannunsa yana sanyi ko yana yi masa kamar tafiyar kiyashi. Yarinyar nan da ta riga ta ɗebo ruwa, ta yi shara, wataƙila ko karyawa ba ta yi ba, ita ce za ta goyi jaka ta yi tafiyar awa guda. In ta isa aji a gajiye, darasin farko barci za ta yi. Abin da muke so mu rage mata ke nan.

Akwai kuma ciwon bayan da bai shafi jaka ba sam, kada mu ɗora wa jaka laifinsa mu zauna. In ciwon ya wuce mako biyu, ko yana ta da yaro daga barci, ko yana tare da zazzaɓi da rama, ko wani ƙulli ya fito a gadon baya, a kai shi asibiti. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, shi ne ma yake jawo doro a yara da yawa, maganinsa kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Mai sikila ma yakan yi ciwon ƙashi. Canja jaka ba zai warkar da waɗannan ba.

To, sai girman jaka. A nan ne muke yawan kuskure, don muna sayen jaka kamar yadda muke ɗinka yunifom: a yi ta da girma domin yaro ya girma a cikinta. Riga mai girma ba ta cutar kowa. Jaka mai girma kuwa tana saukowa har ɗuwawu, tana dukan cinyoyin yaro a kowane taku, tana jan kafaɗunsa baya, shi kuma yana tura wuya gaba don kada ya faɗi. Bugu da ƙari, babbar jaka ba ta zama wofi. Yaro zai cika ta. Jakar da ta dace tana farawa kaɗan ƙasa da kafaɗa, ta tsaya a ƙugu. In ta wuce ƙugu, kada ta wuce da faɗin tafin hannu. Faɗinta kuma kada ya fi faɗin bayan yaron; in ka tsaya a gabansa kana hango jakar ta leƙo ta dama da hagu, ta yi masa yawa.

Abin da ya fi kyau shi ne a tafi da yaron kasuwa ya gwada. In ba zai yiwu ba saboda kuɗin mota, ku sami igiya ko zare. Ku sa yaron ya sunkuyar da kai, za ku ji wani ƙashi ya fito a gindin wuya. Ku auna daga nan zuwa ƙugu, ku yanke. Ku auna faɗin bayansa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ku yanke wani. Ku ba ɗan aike zaren nan biyu, tare da littafin da ya fi kowanne girma cikin littattafan yaron, domin a tabbata zai shiga ba tare da an lanƙwasa shi ba. Zare biyu da littafi ɗaya sun fi dogon bayani.

Hannuwan jaka su zama biyu, masu faɗi kamar yatsu uku na babba, da soso a ciki, waɗanda kuma za a iya ja a rage tsawonsu. Siririyar igiya tana nutsewa cikin naman kafaɗa. Sai a ja hannuwan har jakar ta manne da baya, ba ta lilo. Samarinmu na sakandare suna son rataya jaka a kafaɗa ɗaya, wai shi ne gaye; ku riƙa yi musu magana. Wanda jakarsa mai hannu ɗaya ce tun asali, ya riƙa ratsa ta a ƙirji, yana sauya kafaɗa. Jaka mai taya kuwa, wadda ake ja kamar ta masu hawa jirgi, ku bar wa 'yan birni masu siminti. A hanyarmu mai yashi da taɓo tayar ba ta kwana biyu, ƙarfen da ke bayanta kuma ya zama ƙarin kaya a bayan yaro.

Yanzu bari mu shiga kasuwa. Jakar da take fara kiran idon yaro ita ce mai ƙyalƙyali, mai hoton 'yan ƙwallo ko na katun. Yawancinsu siririyar roba ce aka buga wa hoto, in rana ta dake ta wata biyu sai ta tsattsage. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kada ku tsaya a kan hoton, ku juya jakar ciki ya koma waje ku ga ɗinkinta. Wurin da jaka take fara mutuwa shi ne inda hannu ya haɗu da jiki a sama. Ku duba ko an maimaita ɗinki a wurin, ko an yi shi kamar akwati da gicciye a tsakiya. Ku kama hannun ku ja da ƙarfi a gaban mai kaya. In ya hana ku ja, ya san abin da ya sani. Ku duba gindin jakar ko ninki biyu ne, gama nan ne kusurwar littattafai take hudawa. Zif ya zama mai manyan haƙora, ku buɗe ku rufe sau da yawa. Wanda aka rubuta YKK a kansa na wani kamfanin Japan ne da aka san shi da ƙarko, ko da yake akwai jabu, saboda haka hannunku ne zai gaya muku gaskiya.

Sa'an nan ku kafa baki a jikin yadin ku hura. In iska ta wuce da sauƙi, ruwa ma zai wuce. Amma ko ta ci wannan gwaji, kada ku yarda da mai cewa jakarsa ruwa ba ya shiga. Ruwa yana bi ta zif da ramukan allura. A Satumba da farkon Oktoba ana ruwa sosai a yankunanmu, haka kuma zango na uku yakan faɗa cikin damina. Maganin abin ba shi da tsada: leda mai kauri, mai tsabta, a sa littattafan a ciki, a naɗe bakinta, sa'an nan a sa a jaka. Yaron da yake haye rafi kafin ya kai makaranta, wannan leda ta fi masa kowane aljihu amfani.

Jakar gwanjo fa? Sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma masu zuwa Kasuwar Barci a Kaduna ko Katako a Jos sun san ana samun masu kyau. Abu biyu za a kiyaye. Yawancinsu na manya ne, saboda haka kada a manta da zaren awo. Na biyu, ku shafa cikinta. In rufin ciki yana manne wa hannu, ko yana zubowa kamar dusa, ko yana wari, ya riga ya mutu, ba zai tare ruwa ba, zai kuma ɓata littattafai. In an saya, a wanke da sabulu a shanya a rana kafin a ba yaro.

Akwai hanya ta uku da muke so ku yi tunani a kanta sosai, wato telan garinmu. A ganinmu, ga ɗan aji ɗaya zuwa uku, jakar da tela ya ɗinka a kan awon yaron ta fi yawancin abin da ke rataye a kasuwa. Tsohon wandon jins, ko yadin kaki, ko guntun tamfol ya isa. A ninka gindi biyu, a ɗinka da zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalma, a sa yankin soson tsohuwar katifa a cikin hannuwa da wajen baya. Ba lalle sai da zif ba. Marfi mai saukowa ya rufe baki, da maɓalli ko igiya, ya fi zif tare ruwa, ƙurar hunturu kuma ba ta cinye shi. In ta yage, wanda ya ɗinka yana nan kusa, ba sai an jira ranar kasuwa ba.

Mun san abin da yake hana iyaye bin wannan hanya: kada a yi wa yaro dariya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Yaron da ake yi wa ba'a saboda jakarsa, ko don yana zuba littattafai a baƙar leda, yakan fara ƙin zuwa makaranta, ya ce cikinsa yana ciwo, ba zai faɗa muku ainihin dalilin ba. Amma dariya takan faɗa wa wanda ya fita dabam ne. In zumuntar mata, ko masu adashi, ko ƙungiyar iyaye da malamai suka haɗa kuɗi suka sayi yadi bandir guda, tela ɗaya ya ɗinka wa yara ashirin ko talatin iri ɗaya, sai ta zama kamar yunifom, ba wanda zai yi wa wani dariya. Yadin ya zo da sauƙi don an saya da yawa, kuɗin ɗinki ya tsaya a gari, marayu da 'ya'yan gwauraye kuma a sa su cikin lissafi ba tare da an nuna su da yatsa ba. A bar kowane yaro ya zaɓi ƙyallen da za a yi masa aljihun gaba, domin ya gane tasa, ya kuma so ta.

Gargaɗi ɗaya ga masu ɗinka jaka da buhu. Buhun shinkafa, ko na sukari, ko na fulawa, in an wanke, babu laifi. Amma buhun irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda za ku ga ƙwayar ta yi ja ko kore, da duk abin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa, kada ya kusanci yaro. Wanki ba ya fitar da dafin duka, yaro kuwa a jakar nan yake ajiye gyaɗarsa da rogonsa. Buhun taki ma a bar shi a gona.

Ko an sami jaka mai kyau, abin da ake zubawa a ciki shi ne nauyin. A manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025, 'yan aji 1 zuwa 3 na firamare suna da darussa 9 zuwa 10. In kowane darasi yana da littafin rubutunsa, goma sun kai kilo 1 ko fiye, kafin a zo ga littattafan karatu, da gorar ruwa, da abinci. Ba a koyar da darussan nan duka a rana ɗaya. Yara suna kwasar kome ne don tsoron bulala, kada malam ya nemi littafin da aka bari a gida. A nan muna roƙon malamanmu da hedimastoci: ku ba yara jadawalin darussa, ku kuma bi shi. A kwafe shi a manna a bangon ɗaki a gida. Mahaifin da bai yi boko ba, wan yaron ko yayarsa za su karanta masa. Kowace yamma a fitar da na jiya, a sa na gobe. Inda makaranta take da akwati mai kwaɗo, manyan littattafai su kwana a can. In akwai rijiyar burtsatse a makaranta, yaro ya tafi da gora wofi ya cika a can.

Wajen shiryawa, littattafai masu nauyi su jingina da bayan yaro, ƙananan abubuwa su zauna a gaba. Abinci ya sami aljihunsa dabam, gama man ƙosai da manja in sun shiga takarda ba sa fita, ƙamshinsu kuma shi ne yake gayyato ɓera ya huda jakar da dare. Reza da yara suke fiƙe fensir da ita kada a jefa ta haka kawai. Tana yanka jaka, tana yanka yatsa. Abin fiƙe fensir bai kai kuɗin allurar tetanus ba.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Yarinyar da ta kai aji biyar ko shida, ko ta shiga ƙaramar sakandare, tana bukatar ƙaramin aljihu a ciki, mai rufewa, inda za ta ajiye audugar mata ko ƙyalle mai tsabta ba tare da wani ya gani ba in ta buɗe jaka a aji. 'Yan mata da yawa sukan zauna a gida kwanakin al'ada saboda kunya, kwana uku ko huɗu kowane wata kuwa ba kaɗan ba ne a karatu. In jakar ba ta da irin wannan aljihu, tela zai ƙara shi cikin 'yan mintoci. Iyaye maza, in an ce ku ba da kuɗin wannan, ku bayar, ba sai kun nemi dogon bayani ba.

Ga yaran da suke bin bakin titi, ko masu fita da duhun asuba cikin hazon hunturu, jaka mai haske, rawaya ko ruwan lemo, ta fi baƙa, domin mai mota da ɗan acaɓa su hango su daga nesa. In tana da ɗan layin nan mai walƙiya in fitila ta haska shi, ya fi kyau. Wanda ake ɗauka a keke ko babur, a ɗaure ragowar igiyoyin da suke reto, kada su shiga taya. Sunan yaro da lambar wayar gida a rubuta su a cikin jakar. In an rubuta suna a waje da manyan baƙaƙe, baƙon da bai san yaron ba zai iya kiransa da suna kamar ɗan'uwa, mun kuwa san irin zamanin da muke ciki.

In yaro ya dawo gida, jaka ta hau ƙusa a bango. A ƙasa gara tana jira, kunama ma tana son wuri mai duhu irin wannan, saboda haka ku koya wa yara su zazzage jaka kafin su tura hannu. Zif in ya fara tauri, a goga masa kyandir. In yana rufewa yana buɗewa ta baya, yawanci kansa ne ya saki, mai gyaran takalma zai matse shi da filaya, ba sai an jefar da jakar ba. Ɗinki in ya fara kwancewa, a kai gyara a makon nan, tun yana aikin allura ɗaya.

Mun zo da sikeli, yana bakin ƙofa. Wanda ya zo da yaronsa ya tsaya mu auna shi, mu rubuta masa nauyin jakar da ya dace da shi, mu kuma yanka masa zaren awo ya tafi da shi. Akwai jakunkuna biyu a kan tebur, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta tela. Ku zo ku juya su, ku ja hannuwansu, ku hura yadin. Shugabannin zumuntar mata da na ƙungiyar iyaye da malamai kuma, muna roƙo ku ɗan dakata bayan an tashi, mu yi lissafin yadi da yawan yara tare.